Shekarar da Inna Ta Ce a Shuka

Ƙauyenmu yana gaba da Mamudo kaɗan. In ka sauka daga kwalta sai ka bi wata hanyar rairayi wadda amalanken shanu ya fi mota saninta, ka ratsa gonaki da 'yan kukoki, sannan ka hango rufin ɗakunanmu. Ba mu da kogi, ba mu da fadamar kirki. Rijiya ce ɗaya mai zurfi a tsakiyar gari, sai wani tabki daga yamma wanda yake cika da damina ya ƙafe tun sanyi bai wuce ba. Duk abin da za mu ci daga sama yake saukowa. Shi ya sa a garinmu da wuya mutum biyu su gaisa su rabu ba su taɓo maganar ruwa ba.

Sa'ad da nake yaro damina tana da tsarinta, kuma kowa ya san shi. Zafin bazara zai yi ta ƙaruwa har ƙasa ta gagari tafin ƙafa da rana. Sai wata rana iska ta juya, ta fara kaɗowa daga kudu da ɗan danshi a cikinta. Shamuwa su sauka a kan tsamiyar ƙofar masallaci, gawo ya fara zubar da ganye. Hadarin farko yawanci ƙura ce da guguwa, ya kayar da dangar mutane, ya yi ɗan yayyafi ya wuce. Ba a shuka da shi. Ana jiran wanda zai jiƙa ƙasa sosai, wanda in ka tona da hannu za ka ga laima ta kai taƙi guda ko ta wuce. Daga nan ruwa ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, a yi noman firi, a yi maimai. Cikin watan Agusta marka ta shigo, sama ta rufe kwana da kwanaki, wanki ba ya bushewa, itace ba ya kamawa, gishiri ya narke a kwano. Ruwan marka a hankali yake zuba, ƙasa tana sha. Gero ya fid da kai ya yi bununi. Can sai ruwa ya fara ja da baya, a yi na sallama mai yawan tsawa wanda dawa da wake suke jira, sai kaka.

Ba kowace shekara take tafiya daidai ba. Mun ga fari, mun kwana da miyar tafasa ba tuwon kirki. Amma ko a shekarar fari mutum ya san ruwan da ya rasa, ya san lokacin da ya kamata ya zo bai zo ba.

Babana ake tambaya in an yi ruwan farko. Ba sarauta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa shi. Mutane dai sun lura cewa in ya ce a shuka, shuka takan tsaya. Da ya rasu sai abin ya koma kan mahaifiyata, wadda muke kira Inna, domin tare suka yi ta tona ƙasar nan suna duba sama tun suna da ƙuruciya. Da farko maza sukan turo matansu su tambayo ta. Da tafiya ta yi tafiya sai suka daina jin nauyi, su zo da kansu su tsaya a zaure. Inna ba ta da dogon bayani. Takan tsuguna kusa da rumbunta ta tona, ta dunƙule ƙasar a hannu ta shinshina, ta dubi gabas. Sai ta ce a dakata, ko ta ce a shuka in Allah ya yarda.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yanta, ni da yayata da take aure a Damaturu. Ni ne na ƙarshe, don haka Auta take kira na har na yi furfura. Na yi karatu, na samu aikin koyarwa a Potiskum, na yi gida a unguwar Dogo Tebo. Na sha roƙonta ta dawo wurina. Takan ce, “In na tafi wa zai ga gonar babanka?” Ƙanenta, wanda muke kira Kawu, gidansa yana jikin namu, kuma 'ya'yansa suna taya ta noma. Da wannan na kwantar da hankalina, nake zuwa duk ƙarshen mako.

Shekarar da nake son ba da labarinta tana cikin 'yan shekarun nan ne. Ruwa ya zo da wuri, tun farkon watan Mayu. Ina gida ranar. Bayan la'asar gabas ta haɗe ta yi baƙi, aka ɗan yi iska, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bai ɗauke ba sai wajen magariba. Washegari da safe gari ya cika da ƙanshin ƙasa, kwaɗi suna kuka a tabki. Kafin mu gama shan kunu zaure ya cika da mutane, Kawu a gaba.

Inna ta fita ta yi abin da ta saba. Na ga hannunta ya nutse cikin ƙasa har wuyansa, laima ba ta ƙare ba.

Kawu ya ce, “Yaya, bai yi wuri ba? Ni ban taɓa shuka a irin wannan lokaci ba.”

Ta ce, “Ni ma na yi tunanin haka. Amma dubi tsamiya, shamuwa sun fi mako da sauka. Gawo ya zubar. Iska ta juya tun tuni. Ga laima. In ba wannan ne ruwan shuka ba, to ban san wanda ake kira haka ba.”

Kawu ya tona gefen da ta tona, ya gyaɗa kai. Inna ta karkaɗe hannunta ta ce, “A shuka, in Allah ya yarda.”

Kafin hantsi ya dubi ludayi gari ya watse zuwa gona. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ni ma na tuɓe takalmi na karɓi sungumin babana, kafin azahar hannuna ya yi kanta. Inna tana bayana da 'yar ƙwaryarta ta iri, tana yi mini tsiya wai alli ya lalata mini hannu. Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta ranar ba tun rasuwar babana. Ta ce in Allah ya sa abin ya ɗore, bana da wuri za a ci tumu, kuma za a samu lokacin da wake zai yi yadda yake so.

Da na dawo mako na gaba shuka ta fito layi-layi, kore shar, har inda ido ya tsaya. An ƙara samun ɗan yayyafi guda. Daga shi sama ta bushe.

Hadari yakan haɗu kusan kullum da yamma. Mutane su tattara shanya, su kafa tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. Abin da ya fi ciwo shi ne ana ruwa a wasu wurare. Ranar wata Laraba aka yi mai ƙarfi a Potiskum, har napep suka kasa shiga lungunmu. Na kira Kawu da murna, ya ce su ko ɗigo ba su gani ba, sai dai sun hango walƙiya ta wajenmu. Wani da ya fito daga unguwar Yindiski ta Potiskum ya ce musu ruwan a kwalta ya tsaya, kamar an ja masa layi.

Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da safe. Daga baya ya daina warwarewa. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, an juya riguna, aka yi sadakar gumba. Aka sake fita. Sai wata iska mai zafi ta kwana biyu tana kaɗawa, ta kwaso rairayi ta binne abin da rana ta rage. Ranar da na zagaya gonar babana, sai na sunkuya nake iya gane inda layin shuka yake.

Na tarar Inna ta daina fita. Ko rijiya, inda takan je ta zauna ta yi hira da mata ko da ba za ta ɗebi ruwa ba, ta daina zuwa. Matar Kawu ta gaya mini cewa ba wanda ya faɗa mata magana marar daɗi. In ta iso wuri dai sai a sauya hira, a shiga yi mata sannu fiye da yadda aka saba. Wannan ladabin ne ya hana ta fita.

Ina zaune da ita a tsakar gida sai wata yarinyar mace ta yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya tafi cin rani kudu bai dawo ba, ya bar ta da yara ƙanana. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, suka taɓa 'yar hira. Da za ta tashi sai ta ce, ba da wata manufa ba, “Inna, ni dai irina ya ƙare. Duka na zuba. Ko ruwan ya dawo ban san abin da zan sa a ƙasa ba.”

Inna ta ce, “Ke kaɗai ce, ko akwai wasu?”

Ta ce, “Da yawa. Wasu sun ci sauran, da suka ga shuka ta fito.”

Bayan fitarta Inna ta juyo wajena. Sannan ta ce, “Auta, hau rumbu ka sauko da abin da ke ciki.”

Na ce, “Duka?”

“Ka bar mini na kunu.”

Geron da ke rumbun shi ne abincinta har kaka, kuma mai kyau ne, domin Inna ba ta ajiye zangarniyar banza. Na ce mata ta bari in sayo iri a kasuwar Potiskum in kawo. Ta ce in sayo in ƙara, amma na kasuwa ba a san ƙasar da ya fito ba, nata kuwa ya san garin nan.

Na ce, “Inna, ba ke kika riƙe ruwa ba. Ikon Allah ne.”

Ta ce, “Na sani. Amma ni suka tambaya. Bakina ne ya fitar da irinsu daga ɗaki.”

Na hau na yi ta miƙo dami. Matar Kawu da 'ya'yanta mata suka zo aka sussuka, aka sheƙe. Inna ba ta yarda a tara mutane ba. Da kanta take auna wa kowane gida a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta aika a kai kamar ana kai tuwo. Wasu sun zo godiya, ta ce a ce musu tana barci.

Sai wajen ƙarshen Yuni ruwan kirki ya dawo. Da safe Kawu ya shigo shi kaɗai, ya tsaya kusa da rumbu ya ce, “Yaya, zo ki duba mana.” Na san don ya faranta mata ya zo, ita ma ta sani. Ba ta tashi daga tabarma ba.

Ta ce, “Ka tona da kanka. Abin da na sani na wani zamani ne. Shamuwa ma yanzu ba su san lokacin da suke zuwa ba.”

Aka sake shuka. Ta fito, aka yi noman firi, mutane suka fara sakin jiki. Kowa ya san an makara, amma ana fatan in damina ta ɗan yi tsawo za a tsira da wani abu.

Sai Agusta ta zo da abin da ba marka ba. Ruwa ne mai ƙarfi, ya zuba kamar ba zai bari ba, ya ɗauke na ɗan lokaci, kafin ƙasa ta shanye wani ya sake sauka a kansa. Abin da a da yakan sauka cikin wata guda, sai ya sauka cikin 'yan kwanaki. Tabki ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin da ke kwari, ya biyo hanyar shanu ya shigo gari. Gero yana tsaye cikin ruwa har ya yi rawaya. Katangun gidaje, waɗanda duk na ƙasa ne, suka fara tsotsar ruwa daga gindi.

Hanya ta yanke, ban samu zuwa ba. Kawu ya gaya mini ta waya cewa ɗakin Inna ya tsage ta baya, kuma ta ƙi fita. Na ce ya ba ta wayar. Na yi ta magana tana cewa ɗakin nan ya ga marka da yawa. A ƙarshe matar Kawu ce ta zo ta ce mata jikarta ba ta da lafiya tana kiran ta, ta riƙo hannunta suka fita. Suna can gidan Kawu da la'asar aka ji ƙara. Ɗakin ya zauna. Ya haɗa da rumfar awaki, ya kashe tsohuwar tunkiyarta da ɗan da ta haifa. Kafin magariba rumbun ma ya kife.

Da ruwa ya ɗan janye na shiga napep zuwa Mamudo, daga can na naɗe wando na taka. A wasu wurare ruwa har cinya. Na tarar da gidaje da dama a ƙasa, mutane sun kwashe kayansu zuwa makarantar firamare. Inna tana zaune a kan kifaffen turmi a tsakar gidanmu, tana kallon tarin ƙasa. A wannan ɗakin aka haife ni. Babana ne ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta amarya. An tono mata 'yan kwanuka da akwatin kayanta, zannuwan duk sun yi jar ƙasa.

Na gaishe ta, na ce mun gode Allah da ya tsare rai. Ta ce haka ne. Na ce ta zo mu tafi Dogo Tebo har ruwa ya ɗauke, in rani ya yi a sake gini. Na shirya za ta yi gardama kamar kullum. Sai ta ce, “To,” ta miƙa mini hannu in tashe ta. Wannan “to” ɗin ya fi faɗuwar ɗakin tayar mini da hankali.

A amalanken Kawu muka fito da ita kwalta. Ba ta waiwaya ba.

Matata ta gyara mata ɗakin da ke kusa da namu. Ta kula da ita yadda ban da abin cewa. Takan dama mata kunun tsamiya irin wanda take so, ta zauna ta tsefe mata kai. Amma gidan bai karɓi Inna ba. Tsakar gidan siminti ne. In ana ruwa rufin kwano yakan cika ɗaki da ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai, sai ta toshe kunne da mayafi. In an ɗauke ta leƙa ta ga ruwa yana bin kwata yana fita, ta ce, “Duk wannan ba wanda zai sha?” Yarana ba sa jin yarenmu na Ngizim, ita kuma Hausarta a karye take, takan mai da namiji mace. Su yi ta dariya, ita ma ta taya su, amma hirar ba ta nisa.

Wadda ta fi samun bakinta wata maƙwabciyarmu ce Kirista, 'yar Filato, mai sayar da kayan miya a ƙofar gida. Ita ma tsohuwarta tana can ƙauye tana noma. Sukan zauna a zaure da yamma, kowace da irin Hausarta, suna kwatanta damina. Wata rana na ji matar tana cewa su ma a wajensu ruwa ya rikice, tsofaffi sun daina gane kansa. Inna ta ce, “Ashe ba mu kaɗai ba ne.” Ranar ta ci abinci da ɗan dama.

Damina ba ta yi tsawon da ake fata ba. Ruwa ya ɗauke tun Satumba ba ta yi nisa ba, daidai lokacin da geron shuka ta biyu yake bukatarsa ya cika ido. Ruwan sallama bai zo ba. Aka girbe zangarniya mai tsawo marar nauyi, in ka murza sai ƙaiƙayi. Wake ya yi fure ya zubar. Kawu ya kawo wa Inna abin da aka samu a gonar babana a bayan napep guda, har da sauran wurin zama. Ya ba ta labarin gari: samari sun fara fita, wasu suna dako a kasuwar shanu, wasu sun karɓi tuƙin napep. Yarinyar nan da ta zo maganar iri ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Inna ta tambayi gidaje ɗaya bayan ɗaya, wa ya samu, wa bai samu ba. Da ya gama ta ce a mayar da rabin abin da ya kawo a ba maƙwabta. Kawu ya dube ni, na ce ya yi yadda ta ce.

Tun zaman da ta yi cikin laima ta kamu da tari, bai sake ta ba. Da sanyi ya shigo ƙafafunta suka kumbura. Muka kai ta asibiti, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ga kuma shekaru. Aka ba ta magani, kumburin yakan sauka ya dawo. Yayata ta zo daga Damaturu ta zauna da ita.

Ni kuma na fara gini a ƙauye. Na ce wannan karon da bulo za a yi, a ɗaga gindin sosai. Duk dawowata sai ta tambaye ni inda aka kai. Na ce an fitar da tushe. Na ce an kai taga. Ta ce ƙofar ta dubi gabas kamar ta da, na ce haka aka yi. Ban sani ba ko ta yarda za ta shiga ɗakin, ko don ni take tambaya.

Da bazara ta yi, zafi ya ƙara kayar da ita. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Wata rana da yamma iska ta taso, gari ya yi duhu, aka fara jin rugugi. Ta ce a fitar da ita bakin ƙofa. Ni da yayata muka tallafe ta muka zaunar a kan kujera. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan abin da katanga ta bari na sama. Ruwa ya sauko, mai ɗan ƙarfi, na farko a shekarar.

Ta ce, “Ya kai wajenmu?”

Na kira Kawu. Ya ce an yi, kuma ba laifi, har wasu sun fara gyara sungumi. Na gaya mata. Ta rufe ido kamar ta yi barci, sannan ta ce, “Ka ce masa kada su yi gaggawa. Su raba irin biyu.” Na faɗa masa. Ya ce, “Ka ce mata mun ji.”

Ba ta ƙara mako biyu ba. Ta rasu da hantsi, ranar wata Litinin, kanta a kan cinyar yayata. Ta yi kalmar shahada da bakinta.

Muka kai ta ƙauye domin ta kwanta kusa da babana. Ruwan da aka yi ya riga ya bushe, ƙasar maƙabarta ta yi tauri har sai da masu haƙa suka riƙa zuba ruwan rijiya kafin diga ta shiga. Duk wanda ya rage a garin ya fito, har waɗanda suka koma Potiskum sun biyo mu. Bayan an rufe ta wani dattijo, sa'an babana, ya riƙe hannuna ya ce geron da ya ci da iyalinsa a wannan shekara, kome ƙanƙantarsa, daga rumbunta ya fito. Ya ce, “Ba wanda ya riƙe ta da komai. Da ma ta san haka.” Na ce ta sani. Amma ban tabbata ba.

Yanzu 'ya'yan Kawu ne suke noma gonar babana. Sun koma shuka gero mai saurin nuna, kuma ba sa zuba iri gaba ɗaya. Su shuka wani sashe da ruwan farko, su riƙe saura. Wata shekara a samu, wata a rasa. Ba wanda ake tambaya kuma. Kowa yakan saurari abin da aka faɗa a rediyo, ya dubi abin da maƙwabcinsa ya yi, ya yi nasa. Gidajen da suka faɗi, wasu an tayar, wasu ciyawa ta rufe su.

Zuwana ya ragu. In na je nakan fara da maƙabarta, in gaishe da Kawu, wanda shi ma yanzu sai da sanda. Ginin yana nan inda aka tsaya, an kai shi linta ba a yi rufi ba, tafasa ta fito a ciki. Zuwan da na yi na baya Kawu ya raka ni har bakinsa, ya ce in dai ba za a rufa ba ruwa zai lalata bulon, ya tambaye ni yaushe zan kawo kwano. Na ce masa sai bayan damina. Bara ma haka na ce masa.